Abin da ya kamata ku sani kafin ku sauya wa tsohuwar mota inji

Duk ranar Talata, motocin da ke shiga kasuwar Mafara daga Bakura da Maradun da ƙauyukan gefen madatsar Bakolori yawancinsu sun girmi yaran motar da ke rataye a jikinsu. Golf 3, wadda ta zama jakin hanyoyinmu, ta fito ne a 1991, kuma kafin shekarar 2000 kamfanin Volkswagen ya daina ƙera ta. Fijo 504 ta girme ta nesa ba kusa ba. Mota mai irin waɗannan shekaru, dole wata rana injinta ya gaji: ya fara shan baƙin mai, salansa ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, a yi ringi ya ɗan lafa, daga baya ya buga. A nan ne bakanike zai ce, "Alhaji, mu sauke shi kawai mu ɗora na Beljiyam." Sai kuma wani a gefe ya ƙara da cewa tunda za a kashe kuɗi, gara a sa babba.

Wannan shawara ta biyu ita ce nake son mai mota ya tsaya ya auna.

Golf 3 ba inji ɗaya take zuwa da shi ba. Akwai mai lita 1.4 da ƙarfin doki 60, akwai 1.6 mai 75, akwai 1.8 mai 90, akwai GTI mai lita 2.0 da doki 115, sannan VR6 mai silinda shida da doki 174. Jikinsu a ido iri ɗaya ne, shi ya sa ake ganin kamar kowane inji zai zauna a kowace. Amma kamfanin bai ba su ƙafa ɗaya ba. Masu ƙananan injuna birkinsu na baya na ganga ne, faifan gaba kuma ƙarami. Manyan an yi musu faifai gaba da baya, da shokazoba mai ƙarfi, da taya mai faɗi, da kuloci da giya da suka dace da su. Wanda ya ɗora babban inji a jikin ƙaramar ya sayi gudun GTI ne da birkin 1.4.

Lissafin birki kuwa ba ya tafiya daidai da gudu. Idan ka ninka gudu sau biyu, aikin da birki zai yi kafin mota ta tsaya ya ninku sau huɗu. Daga kilomita 80 zuwa 120 a awa, ya haura ninki biyu. Ka haɗa da buhunan shinkafa a but, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ga rami, ga garken shanu na tsallaka titin Gusau zuwa Sakkwato. Birkin ganga idan ya yi zafi yakan saki, ka taka ka ji feda ta yi laushi. Dama doka ba ta ba motar haya damar wuce 80 a kan babbar hanya irin wannan ba, kuma tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu.

Na san hujjar direbobinmu, kuma ba ta wasa ba ce: hanya ba lafiya, mutum yana son motar da za ta fitar da shi daga daji kafin duhu. Amma a hanyar Maradun, abin tsoro na farko shi ne mota ta mutu a inda babu gari. Injin da aka yi wa dashe shi ya fi yin haka. Babban inji zafinsa ya fi yawa, idan aka bar masa tsohon lagireto, a zafin watan Afrilu sai ya tafasa ya ƙone gasket. Kujerun inji idan ba su hau ba, sai a kira mai walda ya yi dabara, girgiza ta yi ta cin waldar har ta tsage. Ga wayoyi: injin injekta yana tafiya ne da ƙwaƙwalwarsa da na'urorinsa, idan ba a sayo su tare ba sai rewaya ya yi ta yanke-yanke, ko a cire injektar a ɗora kafireto, motar ta koma shan mai kamar ba gobe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan kaɗai ya isa ya cinye ribar lodi.

Abin da ya fi shi ne ka nemi inji irin wanda ka sauke, mai lambar samfuri ɗaya, wadda ake bugawa a jikin bulo. In za ka ƙara, ka tsaya a mataki na gaba cikin dangin motar, kamar daga 1.6 zuwa 1.8, ka sayo shi da ƙwaƙwalwa da wayoyinsa, ka duba lagireto da kuloci, ka gyara birki da taya kafin komai. Ko a Kofar Ruwa ta Kano za a sayo, ko a Panteka ta Kaduna, ka tafi da bakanikenka. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa: idan ya ga baƙin kitse ya daskare, ko wani fari-fari kamar madara, ku bar shi. Ya kwance fulogi ya duba bakinsu, ya juya injin da sifana ya ji ko yana da matsi. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce.

A Jamus, inda yawancin motocin nan suka fito, ba ka isa ka sauya inji da wani daban ka hau titi ba sai masu binciken mota irin su TÜV sun duba birki da sauran sassa sun amince. Mu a nan wannan binciken ya koma wuyan mai mota da bakanikensa.

Saura takarda, wadda mutane suka fi yi wa sakaci. Lambar inji tana cikin takardun motarka. Da zarar ka sauya, takarda da ƙarfe sun saɓa, kuma a shingen bincike, a jihar da jami'an tsaro ke sa ido kan kowace mota, wannan kan jawo zargin sata. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin da sunan shagon da ya sayar, ka je ofishin lasin da na VIO a shigar da ita. Idan kana da inshora ka sanar da su, domin sauyin da ba a faɗa musu ba yana iya zama dalilin ƙin biya ranar da aka yi haɗari.