Rumbu Ɗaya, Faya-fayai Da Yawa: Yadda Ake Sarrafa Ma'ajiyar Kwamfuta Da Rubutaccen Umarni

Kundin halittar ɗan Adam, wato jerin sinadaran DNA da ke cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinsa, yana ɗauke da haruffa kimanin biliyan 3. Na'urorin da ke karanta wannan kundi ba sa wadatuwa da karatu ɗaya, sukan maimaita kowane wuri kamar sau 30 domin kauce wa kuskure. Idan aka yi lissafi, samfurin mutum ɗaya tak zai haifar da haruffa biliyan 90. In kowane harafi ya ci bait ɗaya, to, samfuran mutum goma sun kusa cika faifan ajiya mai terabait guda, tun ba a fara nazarinsu ba. Wannan shi ya sa a yau masanin ilmin halittu yake fama da wata matsala da magabatansa ba su sani ba: yana tsakiyar aiki sai kwamfuta ta ce masa wuri ya ƙare, lissafin da ya kwana biyu yana tafiya ya tsaya cak.

Abin mamaki shi ne, sau da yawa ba faifan ne ya cika ba, wani sashe ne nasa ya cika, alhali sashen da ke maƙwabtaka da shi yana nan wayam.

Katangar da ba ta gusawa

Faifan ajiya na farko da ya shiga kasuwa shi ne wanda kamfanin IBM ya fitar a 1956. Faranti 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, dukkansu kuwa haruffa miliyan 5 kawai suke ɗauka. Da faya-fayai suka ƙara girma sai aka shiga raba su gida-gida, kamar yadda magini ke tsaga katanga a cikin fili: nan ɗakin babbar manhajar kwamfuta, nan ɗakin fayilolin ma'aikata. Tsohon tsarin rabon da kwamfutocin tebur suka daɗe a kansa, wanda ake kira MBR, manyan sassa huɗu kawai yake yarda da su, kuma ba ya iya lissafa abin da ya haura kimanin terabait 2. Tsarin GPT da ya biyo baya ya kawar da waɗannan iyakoki biyu, amma ya bar wata: kowane sashe dole ya kasance yanki ɗaya a manne, a kan faifai ɗaya. Wanda ya yi kuskuren awo ranar farko, ya ba wani ɗaki kaɗan ya ba wani da yawa, gyaransa sai an sha wuya, wani lokaci ma sai an kwashe kaya duka an rushe an sāke gini.

Maganin da aka samo shi ne a raba abin da mai aiki yake gani da abin da ke kan ƙarfe. Manyan kwamfutocin kamfanoni masu amfani da AIX na IBM da HP-UX na Hewlett-Packard su suka riga cin gajiyar wannan dabara. A 1998 wani injiniya mai suna Heinz Mauelshagen ya rubuta irinta domin Linux, babbar manhajar nan ta kyauta da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Mauelshagen ya yi koyi da tsarin HP-UX, kuma ana kiran manhajar da taƙaitaccen suna LVM. Sigarta ta biyu, LVM2, ita ake amfani da ita har yau.

Hawa uku

Wanda ya san yadda manomi yake ajiye hatsi ya riga ya fahimci rabin al'amarin. Buhuna suna zuwa daga gonaki dabam-dabam, a juye su a rumbu ɗaya, sa'an nan a riƙa auna wa kowane ɗaki rabonsa da mudu. Uwargidan da aka auna wa mudu goma ba ta tambayar daga wace gona kowane mudu ya fito.

Haka LVM take. Hawa na farko shi ne faifan zahiri, wanda umarninsa ke farawa da haruffan pv. Hawa na biyu shi ne rumbu, wato tarin faya-fayan da aka haɗe wuri guda, haruffansa vg. Hawa na uku shi ne kaso, abin da aka auno daga rumbu aka miƙa wa mai aiki, haruffansa lv. Mudun awon kuwa ɗan yanki ne mai megabait 4, sai fa in an zaɓi wani girman. LVM tana riƙe da wani jadawali da ke cewa mudu na kaza na wannan kaso yana wuri kaza a kan faifai kaza. Duk lokacin da wata manhaja ta nemi karatu ko rubutu, zuciyar Linux ce ke duba jadawalin ta kai saƙon inda ya dace. Saboda haka faɗaɗa kaso ba ya bukatar a ture wata katanga, ƙarin layi ne kawai a jadawali.

A ɗauka wani ɗakin bincike ya sayi faya-fayai biyu, kowanne terabait ɗaya. Mai kula da kwamfuta zai fara da umarnin lsblk domin ya ga sunayen da Linux ta ba su. A ce sun fito da /dev/sdb da /dev/sdc. Sai ya rubuta:

pvcreate /dev/sdb /dev/sdc
vgcreate rumbu /dev/sdb /dev/sdc
lvcreate -L 1200G -n bincike rumbu
lvcreate -L 300G -n dalibai rumbu

Layi na farko ya yi wa faya-fayan lamba, na biyu ya juye su a rumbu ɗaya, na uku da na huɗu suka auno kaso biyu. Mai karatu zai lura an rubuta dalibai ba tare da lanƙwasar ɗ ba. Ba sakaci ba ne. LVM ba ta karɓar haruffa masu ƙugiya a cikin suna.

Akwai abin lura a layi na uku. Kason bincike ya fi kowane ɗaya daga cikin faya-fayan girma, abin da ba zai taɓa yiwuwa a tsohon tsari ba. Gigabait 1,200 daidai yake da mudu 307,200. Faifai na farko yana da mudu kimanin 238,000, sauran kusan 69,000 kuwa sai a ɗebo daga na biyu. Wani zai ce ai terabait ɗaya ya kamata ya ba da gigabait 1,000. To, masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙidaya, ita kuwa LVM da 1,024 take yi, don haka faifan terabait ɗaya yakan bayyana da kimanin 931. Ba wanda ya saci komai, bambancin ma'auni ne. Rumbun gaba ɗaya yana da kimanin 1,860, an fitar da 1,500, saura 360. Barin wannan saura hikima ce, kuma dalilinta zai bayyana nan gaba.

Kaso sabo fili ne ba shara ba shuka. Sai an shimfiɗa masa tsarin fayil, wato rajistar da ke tuna sunan kowane fayil da inda yake, sa'an nan a rataya shi a wata jakar da aka riga aka buɗe:

mkfs.ext4 /dev/rumbu/bincike
mount /dev/rumbu/bincike /srv/bincike

Ranar da wuri ya ƙare

Bayan wata shida umarnin df -h ya nuna kason bincike ya kai kashi 98 cikin ɗari. A da, wannan labari ne na kashe kwamfuta da kwana a ofis. Yanzu kuwa layi ɗaya ne:

lvextend -r -L +200G /dev/rumbu/bincike

An ƙara gigabait 200 daga saurar rumbu, kuma ɗaliban da ke aiki a lokacin ba za su ma san an yi ba. Harafin r ɗin nan shi ke sa a faɗaɗa tsarin fayil tare da kason. Wanda ya manta da shi zai ga kaso ya girma amma df tana nan tana kukan cika, domin rajistar ba ta san an ƙara fili ba. Sai ya bi ta da umarnin resize2fs. In rumbun kansa ne ya ƙare, sai a sayo faifai na uku, a yi masa pvcreate, a zuba shi da vgextend rumbu /dev/sdd.

Ragewa ita ce mai haɗari, kuma a nan ne ƙwararru ma suke ƙona hannu. Tsarin fayil yakan warwatsa kayansa ko'ina cikin kaso, har can ƙarshensa. Idan aka datse kaso da lvreduce kafin a tattaro kayan a matse tsarin fayil, daidai yake da likitan da ya yanke rabin hanji bai duba abin da ke maƙale da shi ba. Sababbin sigogin LVM sukan bincika su ƙi yin irin wannan yanka, tsofaffi kuwa tambaya ɗaya suke yi, wanda ya amsa da e ya gama. Ƙa'idar ita ce: wajen faɗaɗawa kaso ne gaba, tsarin fayil na biye; wajen ragewa tsarin fayil ne gaba. Bugu da ƙari, ba a rage ext4 sai an sauke shi daga aiki. Shi kuwa XFS, wanda Red Hat ta mayar da shi zaɓinta na farko tun 2014, yana girma cikin sauƙi amma ba a rage shi ta hanyar da aka saba. Ga dalilin barin saura a rumbu ke nan: gara a ba kowane kaso kaɗan a riƙa ƙara masa, da a ba shi da yawa a dawo ana neman ƙwacewa.

Sai kuma alamar lissafi. Ga kaso mai gigabait 300, rubuta -L -50G yana nufin a cire 50 a bar 250. Rubuta -L 50G kuwa yana nufin a mayar da shi 50, wato a zubar da 250. Ɗan karan layi ɗaya ne tsakanin biyun.

Sauya faifai ana cikin aiki

Faifai mai juyawa yana tsufa, kuma sau da yawa yakan nuna alamun ciwo kafin ya mutu, waɗanda umarnin smartctl ke iya karantowa. Idan /dev/sdb ya fara ciwo, kuma akwai isasshen fili a sauran faya-fayan rumbu, sai a rubuta pvmove /dev/sdb. LVM za ta kwashe mudu-mudunsa zuwa masu lafiya tana gyara jadawali, alhali mutane suna ci gaba da aikinsu. Abin da zai faranta ran duk wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas shi ne, tana ajiye alamar inda ta kai. In wuta ta ɗauke, ana iya ci gaba daga nan maimakon a koma farko. Bayan an gama sai vgreduce rumbu /dev/sdb ya fitar da marar lafiyan daga rumbu.

Akwai kuma abin da ake kira hoton kaso. Umarnin lvcreate -s -L 20G -n hoto /dev/rumbu/bincike yana daskarar da kamannin kason a daidai wannan daƙiƙa. Ba kwafe shi yake yi ba, shi ya sa gigabait 20 ke iya tsare hoton kaso mai 1,400. Abin da yake yi shi ne, duk yankin da za a sauya, sai ya adana tsohon kafin a rubuta sabon. Yana da amfani ƙwarai kafin gwada wani gyara mai shakku. Sai dai in sauye-sauyen suka haura gigabait 20 ɗin, hoton ya lalace gaba ɗaya, don haka ba abin bari ba ne ya yi watanni.

Abin da rumbu ba ya yi

Nan ne ya kamata a yi hattara da zuƙi-ta-mallen masu yabon fasaha. Haɗa faya-fayai biyu a kaso ɗaya yana ƙara fili, amma yana ƙara haɗari, domin mutuwar ɗaya daga cikinsu ta isa ta lalata tsarin fayil ɗin duka. Hoton kaso ma ba kariya ba ne, tun da a rumbu ɗaya yake zaune da asalinsa. Gobarar da ta ci wannan za ta ci wancan. LVM tana iya ajiye kowane mudu a faya-fayai biyu in an ƙirƙiri kason da zaɓin --type raid1, a kan farashin rabin fili. Ko wannan ma ba ya hana wanda ya goge fayil bisa kuskure rasa shi a wuri biyu a lokaci ɗaya. Sakamakon bincike da makin jarrabawa suna bukatar kwafi a wata na'ura dabam, in so samu ne a wani gini dabam.

Ita dai LVM tana ajiye kwafin tsofaffin jadawalanta a jakar /etc/lvm/archive duk lokacin da aka yi sauyi. Wanda ya share kaso da lvremove bisa kuskure yana iya maido da jadawalin jiya da vgcfgrestore, muddin ba a riga an rubuta wani abu a kan mudu-mudun ba.

Me ya sa sai an rubuta?

Ɗalibin da ya saba da danna hotuna da linzami zai tambayi dalilin wannan wahala. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan jami'o'i da asibitoci galibi ba su da allo ko linzami. A kulle suke a ɗaki mai sanyi, daga nesa ake yi musu magana ta hanyar SSH. Sa'an nan rubutaccen umarni yana da wata daraja da masanin kimiyya zai gane nan take: ana iya kwafe shi a littafin aiki, wani ya duba, wani ya maimaita shi harafi da harafi. Aibinsa kuwa shi ne ba ya tausayi. Sunaye irin su sdb da sdc suna iya musanyawa bayan an sāke kunna kwamfuta, saboda haka ake duba lsblk da pvs da vgs da lvs, waɗanda kallo kawai suke yi ba sa taɓa komai, kafin a rubuta umarnin da ke sauya wani abu.

Malamin da yake son ɗalibansa su gwada ba sai ya sayi faifai ba. A kwamfutar Linux ta gwaji, wadda ba ta ɗauke da kayan kowa, umarnin truncate -s 1G gwaji1.img yana ƙirƙirar fayil mai gigabait ɗaya, shi kuwa losetup -f --show gwaji1.img yana sa Linux ta ɗauke shi tamkar faifai, ta faɗi sunan da ta ba shi, alal misali /dev/loop0. Yawancin irin waɗannan umarni suna bukatar izinin mai kula da kwamfuta, wanda ake samu da sanya sudo a gaban umarni. Da irin waɗannan fayiloli uku aji zai iya gina rumbu, ya auna kaso biyu, ya zuba musu fayiloli, ya faɗaɗa ɗaya, ya kwashe faifai guda da pvmove. Daga nan sai a datse kaso ɗaya da gangan ba tare da an matse tsarin fayil ba, a sa fsck ta duba shi, ɗalibai su karanta jerin ɓarnar da za ta lissafo.