Idan kwamfuta ta ƙi faɗin gaskiyar cajin batir: abin dubawa kafin a sayi sabo

A Galma Koudawatché da sauran garuruwan gundumomin Madaoua, Bouza da Keita, kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama kayan aiki ga malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da sakatarorin ƙungiyoyin manoman albasa. Akasarinsu ta hannu suke saye, batirinta ya riga ya sha aiki. Kuka ɗaya ake yawan ji: allo na nuna saura kashi 40 cikin ɗari, sai na'urar ta mutu farat ɗaya da aikin da ba a adana ba, ko kuma caja na jone, amma Windows ta rubuta «Branché, pas en charge». Mutane da dama nan take suke aikawa a sayo musu batir, alhali sau da yawa ba shi ne mai laifin ba.

Lambar da ake gani a allo ƙiyasi ce. Cikin batir akwai wata 'yar na'ura mai ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita. Ita ke ba uwar allon kwamfuta labari, daga nan ya isa ga Windows ko Linux ta tsarin da ake kira ACPI. Matsalar na iya kasancewa a caja, a batir, ko a manhajar da ke karanta labarin.

Yanayin wutar yankin na ƙara rikita wannan ƙirga. Duk da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, jihar Tahoua na dogaro sosai da wutar da NIGELEC ke sayowa daga Najeriya, kuma mutane ba su manta da yankewar watan Agustan 2023 ba, wadda ta kai har Maris 2024. Inda ake caji gutsure-gutsure, yau a janareto gobe a sola, batir kan daɗe bai cika ba, bai kuma ƙare ba, sai ƙirgar ta kauce. Zafin Afrilu da Mayu, da kan wuce digiri 40, shi ma yana tsofar da batirin lithiyom da wuri.

Da caja ake farawa. A kwatanta abin da ke rubuce a jikinta da na ƙarƙashin kwamfutar. Ƙananan na'urorin HP da Dell da yawa na buƙatar bolt 19,5 da wat 65, na Lenovo kuma bolt 20. Cajar da ƙarfinta ya gaza na iya kunna na'urar ba tare da ta cika batir ba. A cajojin Dell da HP masu bakin zagaye akwai wata siririyar allura a tsakiya, wadda ta nan kwamfuta ke gane cajar. Idan ta karye, ko cajar jabu ce, Dell kan ci gaba da aiki amma ta ƙi caji. Aron caja ta asali mai irin wannan ƙarfi na minti goma ya isa a gane.

Sai a tabbatar ba da gangan cajin ya tsaya ba. Lenovo da ASUS suna da tsarin kare batir da ke tsayar da caji wajen kashi 60 ko 80. Wanda ya sayi na'urar a hannun wani zai iya tarar da shi a kunne cikin Lenovo Vantage ko MyASUS.

Mataki na gaba bai cin ko dala. A kashe kwamfuta, a cire caja, a cire batir idan mai fita ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan a mayar da komai. Idan babu canji, a buɗe «Gestionnaire de périphériques», a shiga «Batteries», a cire layin da ke ɗauke da kalmomin ACPI da Microsoft, a sake kunna na'urar. Windows za ta mayar da shi da kanta, ba a buƙatar intanet.

Domin sanin lafiyar batirin kansa, a buɗe «Invite de commandes», a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna lambobi biyu a jere: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da wanda yake iya riƙewa yanzu. Mai Linux zai sami irin wannan da umarnin upower -d. Idan lambar ta biyu ba ta kai rabin ta farko ba, batirin ya tsufa, babu manhajar da za ta dawo da shi. Idan lambobin na kusa da juna amma allo na ruɗu, a cika batirin har kashi 100, a yi aiki da shi har na'urar ta mutu, a sake cikawa ba tare da katsewa ba. Wannan ƙirgar kawai yake daidaitawa, kuma ba a yawaita shi, domin yawan ƙarar da batir na rage masa kwana.

Akwai alamar da ba a jira a kanta. Idan wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe da kansa, batirin ya kumbura, kuma yana iya kama wuta. A cire caja nan take, kar a huda shi, kar a bar shi a rana ko cikin mota, a kai wa mai gyara. Wanda zai sayi wani kuma ya rubuta lambar da ke jikin tsohon batirin, ya nemi a fitar masa da rahoton ƙarfin sabon a gabansa kafin ya biya kuɗi.