Hoton Kullum da Rayuwar Cikin Badala

Tsohon birnin Kano, wato yankin da ke cikin badalar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134, ya daɗe yana jan hankalin masu zane da masu ɗaukar hoto, tun daga Heinrich Barth, Bajamushen da ya zana birnin daga kan dutsen Dala a 1851, har zuwa Turawan mulki da suka shigo da kyamara bayan sun ci garin a 1903. Sai dai wanda ya duba abin da aka tara a tsawon wannan zamani zai tarar kusan abu guda ake ta maimaitawa: sarki bisa doki, 'yan lifida a ranar hawa, ƙofar gari, ramukan marinar Ƙofar Mata da kuma dalar gyaɗa. Su kansu Kanawa, lokacin da sana'ar hoto ta zauna a hannunsu, sun keɓe ta ga ranakun da suka fita daban, kamar sallah da biki da suna da saukar karatu, domin fim kuɗi ne, wankinsa ma kuɗi ne, kuma ba mai ɓarnatar da shi a kan kaskon waina. Mutum kan yi wanka ya sa babbar riga ya tafi wurin mai hoto, a tsayar da shi gaban labule mai zanen furanni, ya jira kwanaki kafin a wanko masa.

Wayar hannu ce ta rushe wannan tsari. Ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, daga baya wayoyi masu kyamara suka yi araha a kasuwanni irin su Farm Centre da titin Beirut, har ɗaukar hoto ya daina cin ko sisi. A nan ne wata ɗabi'a ta samu gindin zama a tsakanin matasa da ma wasu magidanta, wato ɗaukar hoton abin da ido ya saba gani kowace rana, a kan hanyar kasuwa ko makaranta ko majalisa, ba tare da jiran wani sha'ani ba. A wasu ƙasashe akwai masu mayar da wannan ƙa'ida, hoto ɗaya kowace rana ba fashi, kuma wanda aka fi ambata shi ne Jamie Livingston, Ba'amurken da ya yi haka daga 1979 har ranar da ya mutu a 1997. Mafi yawan masu yi a Kano ba su ɗaura wa kansu irin wannan sharaɗi ba, amma sakamakon kusan ɗaya ne, tun da abin da ke ba irin waɗannan hotuna daraja shi ne maimaici. Hoton lungu guda ba ya faɗin komai, amma hotunan lungun nan ɗari uku a jere suna nuna ranar da aka rushe soron ƙasa, da ranar da bulo ya maye gurbin tubali, da watan da aka buɗe shagon cajin waya a inda dā ake karatun allo.

Abinci ne ya fi yawa a cikin irin wannan tari, kuma dalilin a bayyane yake, domin shi ne agogon unguwa. Da sassafe hayaƙin masu ƙosai da koko ke tashi a bakin layi, mai shayi ya jera burodi da gwangwanayen madara, yara su yi layi da kwanuka a ƙofar gidan da ake suyar waina. Da hantsi ɗanwake ya fito da mai da yaji, da rana fura da nono, da la'asar sakaliya kuma sai masu tsire su kafa tukuba, wato tudun tokar da ake jera tsinkayen nama kewaye da wuta. Gurasa, wadda ake dangantawa da Larabawan da suka zauna a birnin, ita ce ta fi kowane abinci zama tambarin Kano, kuma har yau yankin Jakara ne cibiyarta: ana manna ƙullun alkama ko fulawa a jikin tanderu, wato babbar tukunyar ƙasa da aka zafafa cikinta, a ɓamɓaro idan ta gasu, sannan a yi bandashe da ita ta hanyar yayyafa mata ruwa da barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa da albasa. Wanda ya ɗauki faifan mai gurasa ɗaya tsawon shekara biyu ko uku zai ga gurasar tana ƙanƙancewa alhali kuɗinta na ƙaruwa, kuma wannan shaida ce game da tsadar rayuwa wadda talaka ya fi yarda da ita a kan duk wani lissafin hukuma.

Shekara ma tana bayyana a kan tire. Mangwaro na bazara ne, gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa na damina da farkon kaka, rake da dankali kuwa sun fi yawa idan sanyi ya kama. A kan wannan zagaye na rana akwai na wata, wanda ke ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ya sa kunun tsamiyar buɗa-baki da 'yan tashen da ke fitowa daga goma ga azumi suke faɗowa wani lokaci cikin hazo, bayan wasu shekaru kuma cikin zafi ko ruwa. Hasken kansa yana sauyawa: a hunturu ƙura takan dusashe rana har Goron Dutse ya ɓace wa mai kallo daga Dala, a damina kuwa bangon ƙasa yakan yi duhu ya jiƙe, kuma a lokacin ne gidaje da sassan badala ke zubewa.

Abubuwan sha'awa na mazauna birnin su ma ba su cika samun mai rubuta su ba. Akwai masu kiwon tattabaru da ke gina musu ɗakuna a saman soro ko a lungun gida, akwai dattawan da ke buga dara a ramukan da suka tona a gindin bango, akwai samarin da ke cika gidajen kallon ƙwallo a ranakun wasannin Turai ko su tafi filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata don kallon Kano Pillars. Doki ya fi duka ba da misali. Hawan sallah na Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, an ɗauke shi hoto ba adadi, musamman Hawan Daushe a Ƙofar Kudu. Amma hawan kwanaki kaɗan ne a shekara, sauran kwanakin kuwa dokin yana ɗaure a turke, ana yanka masa harawa, ana kwashe kashinsa, ana fita da shi kilisa, wato ɗan zagayen motsa jiki da yamma, yayin da dukawa da masu ɗinkin kayan doki a kasuwar Kurmi ke aikin linzami da sirdi watanni kafin sallah. Wannan wahalar da ke ɗauke da adon ita ce rabon mai ɗaukar hoton kullum, kuma a gaskiya ta fi hawan kansa bayyana yadda al'adar ke rayuwa.

Akwai iyakar da kyamara ba ta ƙetarewa, kuma duk mai son fahimtar waɗannan hotuna dole ya san ta. Gidan Bahaushe na gargajiya yana farawa da zaure, wato ɗakin shiga inda maigida ke karɓar baƙi, kuma namiji baligi da ba muharrami ba a nan yake tsayawa. Amma kaso mai yawa na abincin da ake sayarwa a titi a bayan zauren ake yin sa, a hannun matan aure da ke sana'a daga cikin gida: su ke dakan fura, su ke tuya, su ke yin alkaki da nakiya da dubulan na gara, wato kayan da dangin amarya ke kai wa gidan ango. Masaniyar nan Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki tun a 1969, kuma Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna yadda yara ke zama ƙafafun iyayensu mata wajen talla da aike. Saboda haka hoton da saurayi ya ɗauka a layi yana nuna 'yar talla da mai saye, ya bar wadda ta tashi tun asuba ta hura wuta. Wayar da ke hannun mata ta fara cike wannan giɓi, domin da yawa suna ɗaukar girkinsu da ƙunshinsu da kayan sayarwarsu su ɗora a WhatsApp ko Instagram don neman ciniki, galibi hannu da kwano kawai ake gani, fuska ba ta fitowa.

Ko a waje ma ba kowa ke son a ɗauke shi ba. Malamai sun saɓa game da hukuncin hoton mai rai, wasu dattawa na ƙyamar sa har yanzu, wasu kuma tsoronsu shi ne a yaɗa su a intanet a mayar da su abin dariya. Ɗan unguwa yana da sauƙi a nan fiye da baƙo, tun da an san gidansu, amma sanin ne kuma ke ɗaure shi: sai ya yi sallama, ya gaisa, ya ce, «Baba, in ɗauka?» kafin ya ɗaga waya, idan aka ce a'a kuma magana ta ƙare. Almajirai da mabarata su ne aka fi ɗauka ba da izini ba, saboda ba su da mai tsaya musu, kuma wannan aibi ne ko da hoton ya yi kyau.

Babban raunin wannan ɗabi'a shi ne adana abin da aka ɗauka. Hoton da aka wanke a 1975 yana nan cikin albam a ƙasan adaka, amma na waya yakan tafi tare da wayar idan ta lalace ko aka ƙwace ta, wanda aka ɗora a matsayin «status» kuma yana gogewa bayan awa 24. Ɗan acaɓa, wanda ya cika titunan Kano kafin gwamnati ta hana sana'ar a Janairun 2013, ya riga ya zama abin da yaran yau ke ji a baki, haka kuma kududdufai da dama, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini ruwa ya taru a ciki, an cike su an yi gini a kai. Gidan Makama, wanda ke ajiye kayan tarihin birnin a kusa da fadar sarki, yana da tsofaffin hotunan sarakuna da ƙofofi, amma hoton tanderun Jakara na bana yana warwatse a wayoyin mutane, mafi yawansa ba kwanan wata a rubuce, ba sunan unguwa, ba kuma sunan wanda ya ɗauka.