Dashen da ba ya kamawa

Masu noman rani a Kura da Kadawa ba sa dasa tumatir da tsakar rana. Sai rana ta yi sanyi suke cire irin, da 'yar ƙasarsa manne a saiwa, su kafa shi, su ba shi ruwa nan take. Duk da wannan lallami sai ya yi kwanaki yana yaushi kafin ya miƙe. Wanda kuwa aka tumɓuke aka dasa, aka sake tumɓukewa, ko ya rayu ba ya yin abin kirki.

Haka ake yi wa yara da yawa idan aure ya mutu ba a je gaban kowa ba. An rubuta takardar saki, an kwashe kayan ɗaki, amma ba wanda ya ta da maganar yaro. Ana yaye shi uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa, wai "ai ba da shi kika zo ba." Bayan wata biyu uwa ta ji matar uba tana barinsa da yunwa, ta tare shi a hanyar Islamiyya ta wuce da shi gidansu. Uba ya ɗauke kuɗin abinci don ta gaji ta maido shi. Sallah ta zo, a ce ya je ya gai da kakarsa, daga nan ba a ƙara ganinsa ba. Ɗan shekara bakwai ya zaga makaranta uku bai iya haɗa baƙi ba, ya koma fitsarin kwance, manya kuma su ce taurin kai ne.

Abin takaicin shi ne shari'a ba ta yi shiru a kan wannan ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Arewa ke bi, riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Yana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Idan uwa ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta. Ci da sutura da magani kuwa suna wuyan uba duk inda yaro yake kwana. Ƙwace yaro da yaye al'ada ce kawai. Uwar da ke hana uba ganin ɗansa don ta huce haushi ita ma ba ta da hujja.

Mata da yawa suna gudun kotu don kada a ce sun tona asirin uban 'ya'yansu, sai wanda ya fi ƙarfi ya ci. Amma ba sai an kai ga alƙali ba. Hukumar Hisba ta Kano tana yin sulhu a kan irin wannan, ga mai unguwa, ga limami. Tun ana cikin idda ya kamata waliyyan ɓangarorin biyu su zauna da shaidu su rubuta inda yaro zai kwana, nawa uba zai riƙa bayarwa duk wata, wa zai biya kuɗin makaranta, a ina zai yi hutu da Sallah. In ma dole ce ta sa zai koma wani gida, a bari ya gama zangon karatu, a gaya masa tun da wuri, kuma kada a raba shi da ƙannensa. Wanda ya karya abin da aka rubuta, a ɗauki takardar a kai wa alƙali.