Kulocin Mai a Babur ɗin Karkara: Ya Cancanci Kuɗinsa?

Wanda ya saba ɗauko buhun shinkafa daga gonakin Bakolori, ko ya goyo fasinja biyu daga Dakko zuwa kasuwar Talata Mafara, ya san abin da hannun hagu ke sha. A rairayi kuloci ne, a taɓon damina kuloci ne, a kowane kwazazzabo sai an matse an saki. Kafin la'asar yatsu sun sage. Shi ya sa idan matashi ya ga bidiyon baburan tseren daji a waya, ya ji an ce kulocinsu da mai yake aiki, yatsa ɗaya ma ya isa, sai ransa ya biya.

Kulocin da muka saba da shi a Boxer, Jincheng da Haojue na waya ne: ka matse hannu, waya ta ja ɗan ƙarfen da ke jikin inji, farantan kuloci su rabu. A na haidurolik kuwa, an cire wayar an sa siririn tiyo cike da mai. Matsawar hannu tana tura man daga ɗan famfo na sama zuwa na ƙasa, shi kuma ya raba farantan, daidai da yadda birkin mota ke aiki. Amfaninsa na gaske ne. Babu wayar da za ta yi tsatsa ko ta cika da ƙurar hunturu, kuma idan faranti ya yi zafi ko ya fara cinyewa, tsarin yana daidaita kansa, inda kuloci ke kamawa ba ya gusawa. Don haka ne KTM na ƙasar Ostiriya ya daɗe yana amfani da shi, Kawasaki ya sa wa KX450 a 2019, Honda ta bi baya da CRF450R a 2021.

To amma a dubi girman waɗannan injuna. Suna da sisi 450, sifirin ɗin kulocinsu masu tauri ne ƙwarai, mai tseren kuma yana wasa da kuloci ba hutu har inji ya ɗauki zafi. Boxer ɗin 'yan kabu-kabu sisi 100 ne ko ɗan sama da haka, kuma daga kamfani kulocinsa mai laushi ne. Idan ya yi tauri, akwai abin da ya lalace. Galibi waya ce ta bushe, ko zarenta ya fara warwarewa a cikin kube, ko an lanƙwasa ta wajen mayar da tanki. Wani lokaci fin ɗin hannun ne ya cinye. Akwai kuma bakaniken da idan kuloci ya fara sulɓi, maimakon ya canza faranti, sai ya cusa wosha a bayan sifirin don ya ƙara tauri. Duk wannan sabuwar waya da ɗigon mai da faranti mai kyau suna magance shi, a kan kuɗin da bai kai na sauyawa zuwa kulocin mai ba.

Sai maganar abin da ake sayarwa. Na kirki, irin Hymec na kamfanin Magura na Jamus, ana ƙera shi ne daidai da samfurin babur ɗin da za a ɗaura wa, da kuɗin waje ake sayensa, kuma ba don baburanmu aka yi shi ba. Wanda ke zuwa da araha, mai fenti ja ko shuɗi, ɗan famfo ne da ake ɗaurawa ya ja ƙarfen nan da waya ke ja a da. Idan tazarar jansa ta gaza, kuloci ba zai saki sosai ba, giya ta riƙa ƙara, babur na jan jiki ko an matse. Idan kuma bai koma daidai ba, faranti ya yi ta sulɓi har ya ƙone, mai babur bai sani ba saboda hannun na nan da laushinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne lalacewa a hanya. Waya tana yin gargaɗi: ta yi tauri, a ga zare ɗaya ya tsinke kusa da hannu. Ko ta yanke, kowane bakanike a Bakura ko Maradun zai canza ta cikin 'yan mintoci, direba mai dabara ma yakan ɗaure sabuwa a gefen tsohuwa tun daga gida. Kulocin mai kuwa, faɗuwa ɗaya a rairayi ta isa ta fasa tiyo ko kofin man. Roba ta huje, iska ta shiga, hannu ya tafi fanko, sai an sami mai, an sami roba daidai girmanta, an kuma sami wanda ya iya fitar da iska. A halin da hanyoyin Zamfara suke ciki, babu mai son magariba ta same shi yana tura babur tsakanin ƙauyuka biyu.

Wanda ya riga ya saka kulocin mai, ko ya sayi babur da ya zo da shi, ya karanta murfin kofin. Wasu, irin na kamfanin Brembo, man birki suke sha, DOT 4 ko DOT 5.1. Na Magura da yawa kuma wani mai ne daban mai tushen fetur. Aka zuba wannan a gurbin wancan, robobin ciki za su kumbura su lalace. Man birki yana tsotsar danshi, don haka a sauya shi duk shekara ɗaya zuwa biyu, kuma a kiyaye shi daga fentin tanki domin yana cin sa.

Mai kulocin waya kuma ya bar 'yar tazara a hannun kuloci, kamar milimita 10 zuwa 20 a bakinsa, kafin ya fara jin nauyi. Ya ɗiga wa wayar mai bayan damina da tsakiyar hunturu, ya daina ɗora yatsu a kan hannun alhali yana tafiya miƙe. Baƙin mai ma yana da tasiri, tunda farantan a cikinsa suke wanka: wani man mota yana da sinadarin rage gogayya da ke sa su sulɓi, don haka a nemi galan mai alamar JASO MA.

Akwai wanda sauyin zai amfana: mai ciwon yatsu ko tsohon rauni a hannun hagu, ko mai babban babur ɗin daji da ke da hanyar samun kayan gyara daga Kano ko Sakkwato. Ɗan kabu-kabu da manomin da ke kai kaya kasuwa kuwa, gara su sa kuɗin a taya mai kyau, sarƙa da birki.