Ɗakin Sirri a Cikin Gem: Ba Aikin Aljanu Ba Ne

A shagunan gem na lungunan Yakasai da Mandawari, yara kan yi ta rantsuwa cewa akwai ƙofar da ba ta buɗuwa a cikin wasa sai an danna wasu maɓallai a jere. Kafin zancen ya kai zaure ya rikiɗe: wai sihiri ne aka binne don a sace hankalin yara. Daga nan sai WhatsApp, da "a yaɗa saboda Allah" a ƙarshe.

Haba jama'a! Ma'aikaci mai karɓar albashi ne ya gina ɗakin nan. A 1980 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da wasan Adventure. A lokacin kamfanin ba ya sa sunan wanda ya tsara wasa, shi ya sa Warren Robinett ya ɓoye nasa sunan a wani ɗaki da ba a shiga sai da wani ɗan ɗigo mai wuyar gani. A 1986 kuma Kazuhisa Hashimoto na kamfanin Konami yana gwajin Gradius, wasan ya gagare shi, ya saka jerin maɓallan da ke ba shi makamai. Jerin ya zauna, har ya zama mai ba da rai 30 a wasan Contra. Ina aljani a nan?

Gwanin mai tsara wasa ba ya ɓoye abu bai bar alama ba, kamar dai kacici-kacici da amsarsa ke cikin tambayar. A wasan Mortal Kombat na 1992, wani ɓoyayyen mayaƙi mai suna Reptile yakan faɗo kafin a fara faɗa ya jefa wa ɗan wasa hannunka-mai-sanda, sannan ya ɓace. Daɗin yana wurin haɗa alamun.

Abin takaicin shi ne masu ihun sihiri sun bar jaki suna dukan taiki. A 2005 an bankaɗo wani ɓangaren batsa da aka rufe a cikin GTA San Andreas, har aka mayar da wasan na manya zalla a Amurka. Wannan ya faru da gaske, kuma yaran birni suna buga GTA.

Saboda haka uba ya duba lambar shekarun da ke jikin wasa. Idan 18 ce, ɗan firamare ba shi da hurumi a wurin. Ya taka har shagon, ya zauna ya ga abin da ke kan allo, ya tambayi mai shagon me yake kunna wa yara. Uwa kada ta miƙa wayarta a sauke manhajar da ta yi alkawarin buɗe sirrin wasa, musamman mai neman lambar katin banki. A yanka wa yaro lokaci, ba lokacin Islamiyya ba, ba bayan magariba ba.  Masu unguwanni kuwa su tara masu shagunan a yi yarjejeniya kan wasannin da za a kunna wa ƙananan yara da lokacin rufewa.