Rangadin U2 da Rabon Afirka

A watan Yunin 2009 ne mawaƙan nan na ƙasar Ireland, U2, suka fara rangadin duniya daga Barcelona domin tallata faifansu, No Line on the Horizon. Kafin su rufe a Kanada cikin Yulin 2011 sun yi wasa 110, 'yan kallo sun haura miliyan 7, kuɗin ƙofa kuwa dala miliyan 736. Shi kansa faifan bai yi kasuwar na baya ba. Intanet ta riga ta karya cinikin faifai, riba ta koma filin wasa.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A birnin Fas na Maroko aka tsara wani ɓangare na faifan, jagoransu Bono kuma ya shafe shekaru yana kiran a yafe wa Afirka bashi. Amma wasa biyu kacal suka faɗo nahiyarmu, a Johannesburg da Cape Town.

Ban kira wannan munafunci ba. Dandamalinsu mai ƙafa huɗu, mai tsayin kusan mita 50, tirela fiye da 100 ke jigilarsa, kuma a ganina masu lissafi ba su hango filin da zai mayar da wannan kuɗi ba tsakanin Dakar da Nairobi.